Yatsa Uku a Cikin Ɗinki

Kawuna tela ne, ƙanin mahaifiyata. Shekara talatin da ɗaya yana shago ɗaya, tsakanin mai gyaran fanka da wani kantin takalma da ya rufe bara. A shagon akwai keken ɗinki, dutsen guga, benci, da teburin yanka da ya cinye rabin ɗakin. Tun farko a ciki kafinta ya haɗa teburin, don ba zai shiga ta ƙofa ba.

Abu biyu aka san Kawu da su. Na farko, ba ya auna mutum sau biyu. In ya taɓa sa maka tef, ko bayan shekara goma ne, aiko da yadi kawai. Tef ɗin ma a ƙusa yake rataye, har ya yi ƙura. Na biyu, duk kayan da ya ɗinka sai ya bar rarar yatsa uku a ninke cikin ɗinki, wai jikin mutum gaba yake yi. A da yana da gaskiya. Bayan shekara biyu sai ka ga mai riga ya dawo yana dariya yana shafa tumbi, Kawu ya farke ɗinki ya sakar masa rarar, ko sisi ba ya karɓa.

Na fara zama a shagon ne da ofishinmu ya koma tashi ƙarfe biyu don a rage ƙona man janareta. In na koma gida da wuri sai a yi ta tambayata ko lafiya. Kawu ba ya tambaya. Sai in zauna a ƙarshen benci in rungume jakata.

Matsin rayuwar bai zo rana ɗaya ba. Masu kawo yadi biyar suka koma kawo uku da rabi, su ce a lallaɓa. Sai aka fara kawo rigar uba a mayar da ita ta ɗa. Sai canjin zif, sai juya wuyan riga, sai gwiwar wando. Mai gyaran fanka ya ce shi ma haka abin yake, fankar da ta girmi mai ita ake kawo masa. Daga baya aikin ya koma iri ɗaya: a rage ƙugu. Mutum zai ajiye wando a leda, ba ya haɗa ido da kowa, ya ce, "Wanki ne ya buɗa shi."

"Yadin yanzu haka yake," in ji Kawu. Ya rage, ya ninke rarar a ciki. Ba ya yankewa.

Mutum ɗaya ce kasuwarta ke ci a layin, wata mata mai babbar murya da ke baza tsofaffin kaya a gaban kantin takalman da ya rufe. Mai Gwanjo ake ce mata. Ta daɗe tana son Kawu ya ba ta rabin shago su raba haya.

"Baba Tela, teburin nan yana biyan haya ne?" ta ce wata rana daga bakin ƙofa. "Ko kwana kake a kai?"

"Je ki kula da tsummokaranki."

"Tsummokaran nan su ke rufa asirin layin nan. A fitar da teburin in ajiye dilata a wurin. Su saya a hannuna, su juyo ka rage musu. Ka ci, in ci."

"Ni tela ne, ba mai faci ba."

"To, tela, wata huɗun nan me kake yi?"

Da ta tafi ya shafa teburin da tafin hannu, ya duba ƙurar. Ya ce in watan nan ya ƙare sabon yadi bai hau teburin ba, zai kira kafinta. Ba ni yake kallo ba da ya faɗa.

Saura kwana tara wata ya ƙare, matar Manaja ta shigo da leda. Manaja tsohon mai kawo wa Kawu ɗinki ne. Ya daɗe yana kula da wani babban kantin kujeru da gadaje. Kantin ya rufe, sunan ya zauna. Fiye da shekara ba a gan shi a layin ba. Ta zaro yadi mai ruwan toka, sabo fil, ƙamshin kanti bai bar shi ba. Ta ce wani kamfani ya kira maigidan ganawa ranar Litinin, yayanta ne ya ba da yadin.

"Ko dai ya zo ka ɗan sa masa tef?" ta ce a hankali.

Kawu ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Haba, Uwargida! Ni zan auna Manaja? Ƙugu arba'in da biyu. Ko daga barci aka tashe ni."

Na ga ta dubi tef ɗin a ƙusa.

Ya goge teburin sau biyu. Ya wasa almakashi, ya fere alli. Da ƙarar almakashin ta fara, mai gyaran fanka ya leƙo ya tsaya yana kallo da sukudireba a hannu. Kwana uku Kawu ya yi a kan riga da wandon, duk wanda ya kawo ragin ƙugu sai ya ce masa ya dawo jibi. Ya bar yatsa ukunsa a ciki kamar kullum.

Ranar Alhamis wani mutum ya yi sallama, takalminsa duk ƙura. Kawu ya amsa kamar yadda yake amsa wa baƙo, sai kuma ya gane Manaja ne, ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe."

"Tela, kana nan dai."

Bel ɗin Manaja na da sababbin huda uku, da gani da ƙusa aka yi su. Ya shiga bayan labule da kayan. Da ya fito, kafaɗar rigar ta sauko masa har damtse, hannun ya rufe yatsunsa, wandon kuma a dunƙule yake riƙe da shi. Mai Gwanjo ta leƙo da magana a bakinta, ta haɗiye ta koma.

Manaja ya dubi kansa a madubi. "Tela, ni da wa za mu shiga ciki?"

"Yadin yanzu..." Kawu ya fara, ya tsaya.

Ya miƙa hannu ya ciro tef daga ƙusa, ya goge shi a rigarsa. Ya zagaya ƙugun Manaja. Bai faɗi lambar ba, amma daga benci na hango inda babban yatsansa ya tsaya: talatin da huɗu.

"Gobe da yamma a aiko," ya ce. "Zan ninke a ciki. In jiki ya dawo sai a saki."

"Duk wannan za ka ninke? Ai tudu zai yi. Su ce aro na yi." Manaja ya ja yadin daga gefe ya sake shi. "Yanke."

"Ranka ya daɗe, in an yanke ba ya komawa."

"Na sani. Yanke kawai. Abin da ya fita ka sa mini a leda, Uwargida ba za ta rasa abin toshewa da shi ba."

Bayan ya tafi Kawu ya farke ɗinkin duka, ya shimfiɗa a teburin, ya ja sabon layi da alli. Ya daɗe yana riƙe da almakashi. Sai ya yanke. Dogayen ƙyallaye suka zubo ƙasa, ya tsince su ya ninke ya sa a leda. Kayan sun zauna wa Manaja daidai. Ko ya samu aikin, ban ji ba.

Ran ɗaya ga wata na iso shagon na tarar da kafinta a durƙushe yana kwance ƙafafun teburin.

"Kawu, ai sabon yadi ya hau," na ce.

"Ya hau," ya ce. "Matsa, 'yar nan, kar katako ya buge ki."

Aka fitar da saman teburin a karkace. Inda ƙafafun suka zauna, siminti ya fi sauran wurin haske, tabo huɗu. Mai Gwanjo ta share, ta jawo dilarta ta rufe biyu. Ranar ba ta yi tsiya ba, har shayi ta saya masa, ya huce a kan keke bai sha ba.

Kafin la'asar wani magidanci ya zaɓi baƙin wando a wurinta, ya juyo taku biyu ya miƙa wa Kawu. Tef na wuyan Kawu yanzu. Ya auna shi, ya sa alli.

"A ninke ko a yanke?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Duk wanda ya fi sauƙi, Baba."

Kawu ya jawo almakashi.