Walimar da Ta Fito da Ni Daga Ɗaki

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na cika shekara hamsin. Ba wani shagali aka yi ba, ko kalangu ba a buga ba. Amma har gobe in na tuna da yammacin nan sai in ji kamar jiya aka yi shi.

A lokacin ni direban motar haya ne, ina jigila daga Kibiya zuwa Rano, in wuce Kano, kusan shekara ashirin da biyar ina wannan sana'a. Wata ranar kasuwa da damina na yi lodi, mun ɗan wuce Rano kaɗan sai tayar gaba ta fashe. Motar ta ƙwace mini, muka faɗa kwari. Fasinjoji sun ji raunuka, ni na karye a cinya, wani dattijo mutumin Nariya da ke zaune kusa da ni kuwa nan take Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na san tayar nan ta suɗe. Na yi niyyar canja ta, na ce bari kasuwar nan ta wuce tukuna.

Ƙafa ta warke a wata uku, amma ni ban warke ba. Na shige ɗaki na zauna. Abokan tasha su zo, in ce a ce musu ina barci. Masallacin unguwa ma sai an tayar da salla nake shiga, ana sallamewa in zame. Gidan mamacin kuwa ko ta'aziyya ban je ba, don ban san da wane ido zan kalli 'ya'yansa ba. Haka na yi wata takwas. Maiɗakina ta yi lallashi har ta gaji.

Babbar 'yata, wadda ke koyarwa a firamare, ita ta tono maganar ranar haihuwa. Tana gyara littattafan marigayi mahaifina sai ta ga inda ya rubuta da ajami rana da wata da shekarar da aka haife ni. Ta shigo da littafin a hannu.

"Baba, ranar Asabar mai zuwa za ka cika hamsin. Za mu yi 'yar walima."

Na ce, "Ke da wa? Yanzu da ake ta maganar shari'a ko'ina, so kike a ce gidana ake bikin Nasara?"

Ta ce, "Na riga na tambayi liman. Ya ce in dai sauka ce da ciyarwa da godiya ga Allah, shi ma zai zo."

Na ce ban yarda ba. Ta ce to. Ashe wannan "to" ɗin na baki ne kawai, domin tuni ta gama ƙulla komai da uwarta da yayata da ke aure a Rurum.

Ranar Asabar tun hantsi na fara jin ƙamshin waina. Da azahar sai ga muryar yayata a tsakar gida tana ba da umarni. Ita ta goye ni, don haka ba ta neman izini kafin ta shigo ɗakina. Ta ɗaga labule, ta jefa mini sabuwar shadda a kan gado.

"Tashi ka sa. Mutane na zaure. In kuma so kake in fito da kai a goye kamar da, sai ka faɗa."

Na sa rigar na fito ina dogara sanda. Na ɗauka mutum biyar ko shida zan tarar. Sai na ga tabarmi har waje. Ƙannena sun zo daga Kano, maƙwabta sun cika zaure, direbobin tasharmu sun ajiye motocinsu a jere, alhali rana ce ta samu. Wani da muka yi makarantar allo tare ya taso ya rungume ni yana cewa ashe ina nan da rai. Aka yi sauka, liman ya yi addu'a, aka fito da waina da miyar taushe da zoɓo. Jikokina suka kawo mini hula da carbi. Na sami kaina ina dariya, abin da na daɗe ban yi ba.

Bayan la'asar sai aminina, wanda muka fara tuƙi tare, ya iso a kan babur da wani magidanci a bayansa riƙe da zabi biyu. Ban san shi ba. Aminin nawa ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Babban ɗan dattijon nan ne na Nariya. Ni na je na ɗauko shi."

Da ƙafata na da ƙarfi da na koma ɗaki.

Mutumin ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye zabin. Ya ce, "Malam, Inna ce ta ce a kawo maka. Mun je duba ka a asibiti aka ce ba ka cikin hayyacinka. Daga baya muka ji ba ka son ganin kowa, sai muka ƙyale ka. Baba ba ya shiga motar kowa sai taka. Ko awa biyu zai yi a tasha, sai ya jira ka."

Wannan magana ita ta karya ni. A gaban liman da 'yan'uwana da abokan aikina na buɗe baki na faɗi maganar tayar, yadda na san ta lalace na ci gaba da lodi a kanta. Mutumin ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido da bakin rigarsa. Can ya ɗago.

"Da ban ji wannan ba da ya fi mini sauƙi," in ji shi. "Amma ka faɗi gaskiya ba wanda ya tilasta ka. Ni dai na yafe. Sauran 'yan'uwana da Inna kuwa, sai ka zo da kanka ka gaya musu."

Liman ya ce haka ne daidai, ya kuma tuna mini cewa akwai azumin kaffara na wata biyu a kaina. Ina tsammanin bayan wannan mutane za su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tashi. Yayata ta aiko da wani kwanon waina aka ajiye wa baƙon, aminina ya matso ya zauna jikina, hira ta ci gaba har aka kira magariba, muka tafi masallaci gaba ɗaya.

Bayan kwana uku aminina ya kai ni Nariya. Zaman bai yi daɗi ba, ɗaya daga cikin 'ya'yan ma tashi ya yi ya fita, amma tsohuwar ta saurare ni har ƙarshe ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na yi azumina, sannan na koma tasha. Na ƙara shekara tara ina tuƙi, kuma ban sake tayar da mota ba sai na zagaya na duba ƙafafunta huɗu.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mutum kan guje wa masoyansa don tsoron kada su san laifinsa su juya masa baya. Nawa sun ji laifin da kunnensu, suka gyara zama. Masu ƙaunarka ba za su ɗauke maka kayan da ka ɗora wa kanka ba, amma za su tsaya tare da kai har ka sauke shi inda ya dace.