Hannun Isiyaku a Madubin Malam

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauki Malam zuwa maƙabartar Baƙi'a ta Madina, kuma bana ce ta farko da na kasa zama wuri ɗaya in yi masa addu'a. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in zagaya wajen dabinai, in dawo. Ban yi makaranta ba. 'Yata Maimuna ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta tausasa mini ko kalma ɗaya.

Mutanen unguwarmu ta Awali sun san maigidana a matsayin tsohon nan mai farar mota da ke kwasar maƙwabta zuwa Harami. Kaɗan ne suka san ƙuruciyarsa a tashar jirgin ƙasa ta Dammam ta ƙare. Bai taɓa kai fasinja ko'ina ba. Aikinsa jera taragu ne a cikin tasha: ya ɗauko na siminti a wannan layi, na alkama a wancan, ya haɗa su jirgi guda, wani direban ya tafi da shi. Kan jirgin da yake tuƙawa biyu ne a ɗaure, masu shan dizal. Yana zaune a na gaba, na baya babu kowa a ciki, wasu wayoyi masu kauri ke kai masa umarni. Guda ɗaya ba ya iya tura kayan tashar ruwa. In aka kai ɗaya gyara, ɗayan sai ya zauna a rana yana jira.

Illar abin ita ce tsawo. In ana turawa baya, kan jirgi na biyu kan tare wa direba ido. Shi ya sa akwai Isiyaku, mutumin Damagaram, wanda ke shiga tsakanin taragu ya saƙala ƙugiya, ya fito fili ya ɗaga hannu. Ƙa'idar guda ce: ba ka motsawa sai ka ga hannun. Wata azahar mai zafi, a kan kwana, Malam bai ga hannu ba. Amma shekara da shekaru ya san Isiyaku ba ya daɗewa a ciki, sai ya ɗauka ya fito. Ya tura. Hannun daman Isiyaku ya tafi daga gwiwa.

Kwana uku Malam bai taɓa tuwona ba. Da ya ajiye aiki muka dawo Madina, da Isiyaku muka zo, aka ba shi ɗakin bakin ƙofa. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, na yi mita. Na ce namiji baƙo a gida, ga 'yan mata suna tasowa. Na sa masa ido shekaru, ban kama shi da komai ba sai ban ruwan dabino da hannu ɗaya.

Kullum in za su fita, Isiyaku zai zagaya bayan mota, ya duba titi, ya ɗaga hagunsa. Sai Malam ya gani a madubi sannan ya fito da motar. Wata Juma'a na leƙa na ce, "Malam, za a tayar da salla fa!" Ya ce, "A tayar, Hajiya. Ban ga hannu ba." A ciwonsa na ƙarshe bai bar takarda ba. Ni ya kalla ya ce, "Kada a kwance shi daga gidan nan."

Yanzu an ce za a sare dabinan a yi gini, dole mu tashi. Sa'idu, ɗana na biyu, ya samo mana shiƙƙa, wato sashen gidan bene, a unguwar Aƙiƙ, hawa na uku, mai sanyi ko'ina. Ɗakuna huɗu ne, ɗaya na baƙi, babu na Isiyaku. Da Larabci ya gaya mini: "Ya ummi, halas, magana ta ƙare, ba danginmu ba ne. A ribaɗi, gidan marasa galihu, akwai tsofaffi irinsa, za a kula da shi." Na ce, "Maimaita da Hausa, in ji ko bakinka zai ɗauka." Bai maimaita ba.

Ina ta tunanin me Malam zai ce da Madinar yau. Ana ta shafa wa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ambariyya fenti don masu kallo, ana ta zancen sabon jirgi mai gudu zuwa Makka. Na san zai yi murna, ya je ya shafa ƙarafan nan. Amma na san tambayarsa ta farko: wa ke tsaye a baya, kuma wa ke kallonsa?

Shekaranjiya na hango Isiyaku yana ɗaure jaka, yana jan igiyar da haƙori. Ya ce, "Hajiya, kada ki ɓata da 'ya'yanki a kaina." Na ce, "Kwance jakar nan, Malam Isiyaku. Ba da kai nake magana ba." Na aika wa Sa'idu cewa ɗakin baƙin nan na Isiyaku ne, in ba haka ba ya bar ni a Awali, a sare dabinan a kaina.

Jiya da la'asar ya zo, ya sha shayi, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Da ya shiga mota zai tafi, Isiyaku ya miƙe da ƙyar, ya zagaya baya kamar kullum. Ina tsaye a ƙofa ina kallo. Titin babu kowa, yaron nan kuma sauri yake, an kira shi wurin aikinsa a asibiti. Injin na ta ƙara, idonsa na kan madubi. Bai motsa ba sai da hannun ya tashi.

Ranar Asabar motar kaya za ta zo. Na sa an fara fito da katifar Isiyaku, ita za a fara lodawa zuwa Aƙiƙ. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa.