'Yar Tondibiya

Innata tela ce. Ba ta taɓa wuce Dosso ba, amma bakinta cike yake da ƙasashen duniya: atamfa 'yar Holan, 'yar Ingila, shadda 'yar Mali, ga kuma ekose, yadin nan mai gida-gida. Sai da na yi nisa a karatun lakwal na gane ashe Ekos ƙasa ce, can maƙwabtan Ingila.

Wata rana ƙanenta, mai fasa dilar gwanjo a Wadata, ya kawo mata wani siket na ekose mai nauyin tsiya, ya ce ya rasa mai saye. Wai maza ke ɗaura shi a ƙasarsu. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta farke shi don ta ga yadda aka jera ninkin bayan. Daga nan ta fara ɗinka irinsa da atamfa, dogo har idon sawu, a ɗakinmu na Tondibiya.

Kawu ke kai su kasuwa, kuma suna tafiya. Abin haushin, gaya wa masu saye yake ɗinkin Abijan ne, wai kayan gida ba su da kwarjini a idon matan Yamai. Inna takan duƙufa kan keken ɗinkinta, amma na san abin na cin ta. Ni kam bakina ba ya shiru. Na ce masa Holan ɗin ma ai garin wasu ne.

Ran nan ya zo ɗauka, Inna ta dafe ƙunshin.

"Ɗan'uwa, in ba za ka ce na Tondibiya ne ba, bar mini abina."

Ya ce zai faɗa, amma kada ta kuka da kowa. Ciniki kuwa ya ja baya, har keken kan wuni a rufe. Wallahi na tsorata.

Bayan babbar salla muka shiga wani shagon ɗinki a Kalley neman zare. Muka tarar da wata mata da ba mu sani ba, riƙe da atamfarta, tana yi wa tela faɗa.

"Ba wannan na ce ba, malam. 'Yar Tondibiya nake so, mai ninki a baya."

Inna ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Muka fito ba zaren. Da mai taksi ya tambayi inda muka nufa, da ƙarfi ta faɗi sunan garin, sai ka ce da kurma take magana.