Tayar Gaba

Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma na zauna da direba har Allah ya karɓi abinshi, don haka kunnena ya sha zancen taya har ya ƙoshi. Maigidana, Allah ya jiƙan shi, yana da babbar mota ta ɗaukar gero da dawa daga Gangara zuwa kasuwar Sabon Birni da ta Isa. Rabin motar nashi ne, rabi na ƙaninshi, wanda muke ce wa Alhaji. Da ya rasu, rabinshi ya dawo gare mu, tuƙi kuma ya koma hannun ɗana na fari.

Ɗan fari kuwa a wurinmu ba a nuna shi. Ban taɓa kiran sunanshi ba. Ana yaye shi kakarshi ta ɗauke shi zuwa Unguwar Lalle, can ya girma. "Wancan" nake ce mishi, ko "direban ga". In ya durƙusa gaishe ni, faifan da ke hannuna nake kallo in amsa. Haka na ga uwata ta yi, haka ni ma na yi, kuma abin bai taɓa yi mini nauyi ba sai shekarar nan da kaka ta yi kyau.

Akwai tayar da ake sake wa fata. In zanenta ya suɗe, sai a kankare bayanta a liƙa mata sabuwar roba, ta fito fes kamar amarya. Marigayi bai raina ta ba ko kaɗan. Ya sha sa ta a baya, inda tayu suke biyu-biyu, kuma tana yi mishi aiki sosai a cikin yashin hanyar ƙauye, inda mota ke tafiya a hankali. Cewa yake in ta baya ta ɓare, 'yar'uwarta za ta riƙe motar har a tsaya. Gaba fa? Ko da wasa bai yarda ba. Ta gaba ita kaɗai ce a gefenta, in fatar ta saki a kan kwalta da rana tsaka, ga lodi, motar ce za ta zaɓi inda za ta nufa. Ya faɗi wannan a kan tuwo, ya faɗa a kan fura, har nakan ce mishi, "Malam, don Allah mun ji!"

To, a shekarar nan sai Alhaji ya kawo irin waɗannan tayu ya jingine a zaurena, don a ƙofar gidana motar ke kwana. Na leƙa na ga guda ɗaya an ware ta gefe. Na tambayi matar wancan, ta ce ai ta gaba ce, gobe mai faci zai zo ya ɗaura.

Raina ya ɓaci nan take. Na aika aka kira Alhaji. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanin miji, don haka da dariya ya shigo.

"Yaya, an ce kin zama bakanike?"

"Alhaji, waccan ba ta hawa gaba."

"Haba Yaya! Dubi zanenta. Wurin masu gaskiya na saye ta, ba irin wadda ake tsaga wa zane da wuƙa a yaudari mutane ba ce. Sabuwa yanzu wa ke iya taɓa ta?"

"Ina da bijimi can ƙauyen Turba wurin Fulani. A sayar a sai sabuwa."

"Bijimin da kike tattali don auren autarki? Allah ya kiyaye a ce ni na ci shi. Shi mai tuƙin ma na tambaye shi, ya ce ba komi."

To mi zai ce? Baffanshi ne. Wancan yana tsaye a bakin zaure, kanshi a ƙasa, yana murza makullin mota. Ya san abin da ubanshi ke faɗi sarai, amma bakinshi ba zai buɗe ba. Ni kuma al'ada ta ce in yi shiru, kar a ce na tsaya wa ɗan fari. Ga hanyar Isa yadda ta koma yanzu, ba wanda ke fatan mota ta tsaya mishi a cikin daji ko da lafiya lau, balle ta kife. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, sai dai fushina ya fi shi ƙarfi.

Washegari da hantsi, kafin mai faci ya iso, na sa aka kira maƙwabcinmu, dattijon da ke yanka tsofaffin tayu yana yin takalma da kwamin shan ruwan dabbobi. Na nuna mishi tayar na ce ya yanka. Ya ja da baya yana salati.

"Hajiya, wannan ta Alhaji ce. Ba ruwana."

"Rabinta nawa ne. Ba ni wuƙar, za ni yanka rabina."

Ya ɗauka wasa nake, ya miƙo. Wallahi roba ba nama ba ce. Na kafa wuƙar a gefen tayar na danna da duk ƙarfina, ta zame. Na jiƙa ta da ruwa kamar yadda na sha ganin yana yi, na sake dannawa, gyalena ya faɗi ban kula ba. Ina cikin haka sai ga Alhaji da mai faci, wancan na biye da su, mutanen unguwa sun cika ƙofar gida. Lokacin wuƙar ta riga ta shige har ƙota.

"Yaya! Kin haukace?" in ji Alhaji. "A kan taya?"

"Ba a kan taya ba ne," na ce. "Ɗana ne zai zauna a kanta. Ɗana! Ni na haife shi!"

Sai na kira sunanshi, a gaban maza, da ƙarfi. Tun ranar da aka raɗa mishi shi bai taɓa fita daga bakina ba. Wata tsohuwa ta kama haɓa. Alhaji ya dube ni, ya dubi yaron, ya juya ya fita.

Aka sayar da bijimin, aka ɗaura sabuwa a gaba, sauran masu fatar aka sa su a baya, kuma sun yi aiki har damina ta zagayo. Da dattijon ya ƙarasa yanka waccan tayar, ya ce mini gaskiya cikinta lafiya lau yake, mai yiwuwa da ba abin da za ta yi. Na ce na ji, kuma ko yau aka sake kawo ta za ni sake yankawa. Alhaji ya daɗe bai tako gidana ba. Mata sun yi ta zancena a gidan suna, wai na zubar da kunya. Auren auta ma sai da aka ɗaga shi, ta yi ta kumbure-kumbure.

Wancan kuwa dama ba mu saba zance da shi ba. Sai wata ranar kasuwar Isa da safe ya zo gaishe ni kafin ya tashi mota. Ya tuɓe takalmi a bakin ɗakina ya durƙusa. Ina duban ƙasa kamar kullum, idona ya sauka a kan takalmin. Na taya ne, sabon yanka, irin wanda ya daina sawa tun yana yaro. A gefen ƙafar dama ga wata karkatacciyar tsaga, inda wuƙata ta fara zamewa.

"Inna, za ni tahi," ya ce.

Na ajiye faifan, na ɗaga kai na dube shi.