Tsohon da ke Koyar da Faɗuwa

Ban san sunansa ba. Idan ina sauke damin gero a kasuwar Matamaye nake hango shi, tsoho mai kaurin wuya, kunnensa ɗaya a murɗe. Jikansa yake koya wa kokawa a bayan rumfar mahauta. Ba kayarwa yake koya masa ba, faɗuwa ce. Yana ɗaga yaron, yana kai shi ƙasa a hankali.

"Tashi, rago! Kafaɗa ake bai wa ƙasa, ba kai ba."

An ce Nasara sun ɗauke uban yaron aikin hanya saboda ƙarfinsa, bai dawo ba. Ina jin tsohon ya san wannan ma za su zo nemansa. Yaron yana tashi yana dariya. Tsohon ba ya dariya, sake kama shi yake yi.