Kabewar da Kaka Ta Zauna a Kai

Jiya na wuce ta ƙofar wani gidan suna a Tsanyawa, ƙanshin miyar taushe ya bugi hancina, sai ga ni ina dariya ni kaɗai a bakin hanya. Kakata na tuna.

Tana da wata kabewa mai jan ciki da ta zo da irinta daga gidan iyayenta, babu mai ita a ƙauyenmu. Kowace damina takan ware guda, ta bar ta a kan danga har mariƙinta ya bushe kamar icce, farce ma ba ya shiga bayanta. Ko an tsinko ba a fasawa. Ƙarƙashin gado take mirgina ta sai sanyi ya wuce. Wai 'ya'yan ciki ba su gama shan nono ba.

Wata shekara tsutsa ta cinye yabanyar, kabewa biyu kacal suka tsira. Ana haka aka haifi ƙanena. Ranar suna gwaggona ta yanka guda, miya ba ta isa ba, ta nufi ɗakin Kaka da wuƙa. Ashe tsohuwa ta riga ta. Ta mirgino kabewar tsakar gida, ta zauna daram a kai, ta rufe da zani.

"Inna, ki tashi, baƙi na jira."

"Su ci da kuka. Ai jariri suka zo gani."

Nan ta wuni tana karɓar barka. Na ce, "Tsohuwa, ƙwai kike kwanci?" Ta ce, "Rufe min baki, mijin banza, ko kujera ba ka saya min ba." Mata har da riƙe ciki.

Gwaggo don haushi ta shanya 'ya'yan wadda ta yanka, wai iri iri ne. Kaka kuwa sai da zafi ya fara ta fasa tata. 'Ya'yan ɓul-ɓul, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka, ta ɗura a gora. Da ruwa ya sauka kowacce ta shuka nata. Na Gwaggo ɗai-ɗai suka leƙo, a ƙanjame. Na Kaka har kan rufin ɗaki suka hau.

Yanzu noman rani nake a Watari, bayana ya gaji, iri kuma na gwangwani muke saye, ba ka san uwarsa ba. Amma mai jan cikin nan tana nan a dangata. Yanzu haka akwai guda a ƙarƙashin gadona. Maiɗakina ta sha yi mata kallon miya. Na ce mata ta bi a hankali, ni ma na iya zama.