Baƙaƙen Awakin Babana

Ban taɓa son Alhajin nan na unguwar Zariya a Maradi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa shekaru sun sanyaya mini zuciya ba. Ubansa da kakana uwa ɗaya uba ɗaya, don haka dole nake ce masa Baba Alhaji, ina durƙusawa ina gaishe shi raina na tafasa. Babban ɗan kasuwa ne, motocinsa na ƙetare iyaka dare da rana. Yana da garka a Jiratawa, kuma a cikinta ya tara jajayen awaki irin namu na Maradi, waɗanda yake alfahari da su fiye da ɗiyan cikinsa. Babana ne ke kiwon su. Can yake kwana, sai Alhamis ya hau keke ya zo mana gida Tsibiri.

Masu jar akuya suna da wata doka da ba a rubuta ba: ja sai ta zama ja tun daga kunne har wutsiya. In ɗan akuya ya faɗo baƙi, shege ne, wani bunsurun banza ya tsallako. Yanka shi ake yi ko a kai kasuwa, kafin ya ɓata garke.

Ina lise, wato babbar sakandare, shekarar da awakin Alhaji suka haifi baƙaƙe uku. Bai kira babana gefe ba, ina, ai girman kai ba zai bari ba. Sai da aka sallame Juma'a, jama'a na neman takalmansu a ƙofar masallacin Jiratawa, sannan ya ɗaga murya. Ya ce babana na karɓar goro yana buɗe wa bunsurun maƙwabci ƙofa, wani dogo mai dogayen ƙafafu irin na arewa. Ya ce, “Kwashi shegunka ka bar mini garka.” Babana ya rantse, ba wanda ya saurare shi, don mai kuɗi ko tari ya yi sai a ce ya yi gaskiya. A cikin mangala babana ya ɗauko su bisa keke, namiji ɗaya mata biyu.

Daga ranar bai sake taka Jiratawa ba. Labari ya riga shi isowa Tsibiri, har masu shayi na bakin hanya suka laƙaba masa “mai buɗe ƙofa”. Ba wanda ya ƙara ba shi amanar ko kaza. Ya koma noman hatsi, ya gina wa baƙaƙen nan katanga a bayan gida, ya sa ƙyaure da kwaɗo. Bai taɓa barin su fita kiwo ba, shi ke yanko musu ciyawa da harawa. Innata ta yi faɗa har ta gaji. Amsarsa guda ce kullum: “Bar su, shaiduna ne.”

A jami'a na karanci ilimin dabbobi. Wata malama ce ta fara nuna mana cewa a jikin kowace dabba akwai wani dogon rubutu na gado, da baƙaƙe huɗu kacal, wanda ake kira ADN. In ka jera na dabba biyu, iyakar kusancinsu iyakar ƙarancin bambancin, daga nan sai a zana bishiyar dangi. Ta haska mana ita a bango: akuya da tunkiya reshensu kusa, saniya can gaba kaɗan, raƙumi ya fi nisa. Ƴan ajinmu na ta mamakin ikon Allah. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, fuskar Alhaji kawai nake gani.

Da lokacin aikin kammalawa ya zo, na zaɓi awakin ƙasarmu. Na faɗa wa malamar cewa son ilimi ne, alhali ƙullatar da na yi shekaru ina reno ce. Alhaji da kansa ya buɗe mini garka, don ya ɗauka takardar yabo zan rubuta. Ya ce, “Ɗebi jini, ɗan lakkwal mai boko, Nasara su san abin da muke da shi.” Na ɗeba. Na ɗebi na jikokin baƙaƙen babana, na je kasuwar dabbobi na ɗebi na dogayen awakin arewa.

Sai da aka yi watanni kafin sakamako ya fito. Da bishiyar ta bayyana a ordinata, wato kwamfuta, na ga awakin arewa sun ware can nasu reshe. Jajayen Alhaji da baƙaƙen babana kuwa sun cakuɗe a reshe guda, ba ka iya cewa ga ja ga baƙi. Babu ɗigon jinin dogon bunsurun nan a cikinsu. Baƙin launin a jikin jajayen yake a ɓoye, in uwa da uba duk suna ɗauke da shi sai ya fito. Na sa malamar ta sake dubawa har sau biyu, ta ce haka ne.

Na kai wa Alhaji takardar har gidansa a unguwar Zariya. Ya bar ni zaune a zaure har la'asar, sannan ya fito yana sakace. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce, “To, ashe su ma ƴan gida ne.” Nan take ya ɗauki salula ya kira mai kiwonsa na yanzu, ya ce kada a ƙara yanka baƙi.

Na ce, “Baba Alhaji, saura maganar babana.”

Ya ce, “Wace magana?”

Na ce, “Abin da ka faɗa a ƙofar masallaci. Can ya kamata ka koma ka warware.”

Ya yi dariya. “Kai ɗana, abin da ya wuce ai ya wuce. Ka gaishe shi. Kuma tunda ka ce jinin garkena ne, ka ce ya aiko mini da su in haɗa.”

Wallahi ban san lokacin da na fizge takardar daga hannunsa ba. Na fita ban yi sallama ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Na iske babana a bayan gida yana zuba musu dusa. Bai iya boko ba, amma ya riƙe takardar da hannu biyu, ya sa na nuna masa inda nasa suke da inda na Alhaji suke. Ya daɗe da yatsa a wurin.

Ya ce, “Zai zo masallacin ya faɗa?”

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, “A'a, Baba. Cewa ya yi ka aika masa da awakin.”

Ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ciro ɗan makulli daga wuyansa, ya buɗe kwaɗon da ya yi shekaru yana rufewa. Awakin suka tsaya cirko-cirko, don ba su san waje ba, sai da ya kora su da hula. Na ce, “Baba, za su gauraya da na gari fa.”

Ya ce, “Su gauraya. Sun gama ba da shaida, ba kuma garken wani za su koma ba.”

Muna tsaye har suka bi wani ƙazamin bunsuru mai dabbare-dabbare suka nufi juji.